Waƙa a bakin mai ita: yadda mawaƙa masu naƙasa suka mayar da dandamali fagen neman haƙƙi

A watan Janairun 2024 ne wa'adin shekara biyar da dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta ɗibar wa masu gine-gine a Najeriya ya cika. Dokar, wadda shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce kafin ƙarewar wa'adin a gyara duk ginin da jama'a ke shiga yadda mai keken guragu da mai sanda za su shiga da kansu, ba sai an ciccibe su ba. Zauren biki da ɗakin taro da gidan kallo duk wuraren jama'a ne. Wannan ɓangaren aka fi ji a rediyo.

Akwai kuma sashe na 16, wanda ba a cika tada maganarsa ba. Ya haramta sa mai naƙasa bara, ya haramta yawo da shi a bainar jama'a don tara sadaka, ya kuma haramta fakewa da naƙasa a yi bara. Hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Sashen bai ambaci waƙa ba, a nan ne kuma Bahaushe zai tsaya ya yi tambaya. Duk wanda ya taɓa zama a tasha yana jiran mota ta cika ya san yadda abin yake: makafi biyu ko uku a jere, na baya ya dafa kafaɗar na gaba, yaro ɗan jagora riƙe da bakin sanda da ɗan kwano, babban yana jan baiti sauran suna amshi. Wani lokaci muryar kan yi zaƙin da fasinja zai ajiye waya ya saurara, ya laluba aljihu ya miƙa hamsin ko ɗari. Kuɗin nan na waƙar ne, ko na makantar?

Tambayar ta wuce tasha. Tun daga shekarun 1980 mawaƙa masu naƙasa a Landan, daga baya a Kinshasa da Bamako da Kaduna, suke fama da ita, wasunsu har suka ɗauki waƙar suka nemi haƙƙi da ita.

## Kalmomin da ake saɓani a kansu

Sunan ma kansa ba a gama daidaitawa a kai ba. Gidajen rediyo sun koma cewa "masu buƙata ta musamman" don gudun "naƙasasshe", kalmar da wasu ke jin tana nufin mutumin ne ɗungurungum ya tawaya. Wasu cikin masu abin kuma ba sa son wannan lulluɓi, suna cewa buƙatar shiga aji ko masallaci ai buƙatar kowa ce, babu wani musamman a cikinta. "Masu naƙasa" ta tsaya a tsakiya, shi ya sa aka ɗauke ta a nan. Makaho da gurgu da kurma da kuturu kuwa, nauyinsu na ga bakin da ya furta da sigar da aka furta. Mawaƙi kan liƙa "Makaho" a sunansa ya yi suna da shi, alhali kalmar nan ce yaran unguwa ke jifan wani da ita.

Sai kuma inda matsalar take. Tsohuwar fahimta ta ajiye ta a jikin mutum: a nema masa magani, in ya gagara a tausaya masa. A shekarun 1970 wasu masu naƙasa a Birtaniya suka kawo wata fahimtar, wadda malamin jami'a Mike Oliver, shi ma a keke yake, ya raɗa wa suna a 1983. Suka ce tawayar gaɓa daban, shingen da al'umma ta gina daban. Mai garayar da ƙafafunsa suka shanye bai rasa komai na kiɗa ba, matakala shida da ke gaban dandamali su suka hana shi wasa. A kan wannan fahimtar aka gina yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, Najeriya a 2010. Sashe na 30 na yarjejeniyar ya yi magana kai tsaye a kan fasaha. Ya ɗora wa gwamnatoci su buɗe wa masu naƙasa hanyar haɓaka baiwarsu, kuma ya ce amfanin hakan ba nasu kaɗai ba ne, har da al'umma. Ma'ana an ɗauke su masu bayarwa.

Abu na uku Hausa ta riga doka warware shi, don tana da suna daban ga kowane kuɗin da ake miƙa wa mai murya. Sadaka ana ba da ita don Allah, ba a duba ko waƙar ta yi daɗi. Kyauta ita ake yi wa maroƙi ko makaɗi, wanda roƙo sana'arsa ce ta gado, ya wasa ka ka ji daɗi ka yi masa liƙi. Lada kuwa, ladan aiki, shi ne abin da aka yi ciniki a kansa kafin a hau dandamali, mai shi na iya kai ƙara in an hana shi. Kusan duk tarihin da ke tafe labarin mawaƙan da suka nemi tashi daga sadaka su koma lada ne.

## Yadda abin ya samo asali a ƙasar Hausa

Masarautun Hausa sun daɗe da tsarin da ya san da zaman masu naƙasa. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare, kowane da jama'arsa, yana sasanta rigimarsu, yana kai kukansu fada, yana tsara rabon abin da aka samu. Wakilci ne na gaske, wanda ya girmi kowace ƙungiya ta zamani. Sai dai an gina shi a kan cewa abincin waɗannan mutane daga hannun jama'a zai fito. Yaron da ƙyanda ta makantar ko shan inna ya shanye wa ƙafa ba a tura shi gona ko maƙera, makarantun da za su karɓe shi kuma ƙalilan ne. Abin da ya rage masa murya da hadda. Ta haka waƙar wa'azi da bege suka zama kayan aikin bara.

Babu wanda ya nuna iyakar wannan tsari kamar Aliyu Namangi na Zariya, wanda aka haifa a 1894 ya rasu a 1990. Ya makance tun yana ƙarami, ya yi karatu da ka, ya tsara waƙoƙin Imfiraji, waɗanda ake nazari a sakandare da jami'a, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Baitocin nan da ɗalibai ke rubuta jarrabawa a kansu su ne makafi da yawa suka haddace suna rerawa a ƙofar gidaje. Waƙa ɗaya ce, a aji adabi, a titi bara. Bambancin na ga wanda aka bari ya shiga ajin.

A wannan zamanin Malam Yahaya Makaho na Kaduna ya bi hanyar daga farkonta. Ƙyanda ta tafi da idanunsa yana ɗan shekara uku, ya yi almajirci, ya yi bara, sannan ya bar ta ya kama waƙa a sitidiyo. Waƙoƙinsa sun fi karkata ga matsalolin jama'a, har da bara ɗin kanta, ya kuma kafa gidauniya da ke tallafa wa karatun yara masu naƙasa. Abin lura a tafiyarsa shi ne bai jefar da sunan ba, ya sauya abin da mutane ke tunawa in sun ji shi.

## Ranar da aka ƙi karɓar tausayi

A Birtaniya an haɗa waƙa da zanga-zangar masu naƙasa a fili. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 shekarar masu naƙasa. Mawaƙi Ian Dury, wanda shan inna ya kama yana ɗan shekara bakwai, ya ga bikin cike yake da shafa kai irin na "ayya", sai ya yi wata waƙa mai zafi da ya ɗauko kalmar da ake zagin masu naƙasa da ita ya mayar da ita kirari. BBC ta ƙi sa ta. Shekara 31 bayan nan, Dury ya riga ya mutu, aka rera waƙar a bikin buɗe gasar wasannin masu naƙasa ta duniya a Landan a 2012.

Abin da ya fi wannan tasiri shi ne rikicin shirin tara gudummawa na tashar ITV. Shiri ne da ake kwana ana yi a talabijin, ana nuna yara masu naƙasa da kiɗa mai sosa rai, taurari na roƙon masu kallo su bugo waya su ba da kuɗi. Ana samun miliyoyin fam. A 1990, sannan a 1992, masu naƙasa suka taru a ƙofar gidan talabijin ɗin a Landan suka ce a daina. A karo na biyu sun haura dubu, suka tare titi da kekuna, suka kafa nasu dandamalin. Cikin jagororin akwai mawaƙi Alan Holdsworth, wanda ake kira Johnny Crescendo, da mai barkwanci Barbara Lisicki. Hujjarsu ita ce shirin na koya wa ƙasa kallonsu a matsayin abin tausayi, wanda kuma ake tausaya wa ba a ɗaukarsa aiki. Daga 1992 ba a sake shirin ba. Mutanen nan suka kafa ƙungiyar da ta riƙa ɗaure kanta da ankwa a jikin motocin bas da keke ba ya iya shiga, a 1995 kuma majalisar ƙasar ta yi dokarta ta farko kan wariyar naƙasa.

Ba waƙa kaɗai ta kawo dokar ba, an yi shekaru ana kai ƙudurori majalisa suna faɗuwa. Abin da waƙar ta yi shi ne ta tara mutanen da aka saba ɓoyewa a gida, ta ba su baitin da za su amsa tare a titi. Mai karanta sashe na 16 na dokar Najeriya, inda ya hana yawo da mai naƙasa don tara sadaka, zai ga ƙorafin 1992 ne ya zama doka.

## Kinshasa da Bamako

A Afirka abin ya zo ta wata fuska, don a nan talauci ya riga komai. Staff Benda Bilili ƙungiya ce ta magidanta da shan inna ya shanye wa ƙafafu, suna yawo a Kinshasa kan kekuna masu ƙafa uku da aka ƙera musu, suna gwajin kiɗa a harabar gidan namun daji na birnin saboda nan ne babu hayaniya. Sunan nasu da harshen Lingala na nufin a duba abin da ke bayan zahiri. Jagoransu Ricky Likabu ya tsinci wani yaron titi, Roger Landu, da ya haɗa abin kiɗa da gwangwanin madara da lanƙwasasshen itace da tsirkiya ɗaya ta waya. Yana danna itacen yana saki, sautin na tashi yana sauka kamar kukan jita mai lantarki. Duk wanda ya ga yaro ya ɗaura waya a gwangwani ya yi gurmi ya san irin abin. Da shi suka zagaya Turai bayan fitar kundinsu na farko a 2009, a 2010 kuma aka nuna fim a kansu a bikin fina-finai na Cannes.

Cikin waƙoƙinsu akwai wadda suke kiran iyaye su kai 'ya'yansu rigakafin shan inna, kuma kada su yar da yaron da cutar ta riga ta taɓa. Saƙon ya yi nauyi saboda bakin da ya fito. Kano ta ga irin haka bayan dakatar da rigakafi a 2003, lokacin da waɗanda cutar ta gurgunta suka shiga unguwanni da kekunansu suna lallashin iyaye, har aka kai Agustan 2020 da aka tabbatar nahiyar ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

Labarin ƙungiyar na da ɗaya gefen da ya kamata a faɗa. Waƙar da suka yi ta kiran jama'a zaɓen 2006 ta karaɗe gidajen rediyon Kwango, daga baya suka fito suna ƙorafin cewa abin da aka ba su bai taka kara ya karya ba, suka nemi haƙƙin mallakarsu daga rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke ƙasar. A 2013 kuma ƙungiyar ta dare bayan saɓani da masu kula da harkokinta. Suna ya samu, tafi ya samu, maganar lada ce ta ƙi daidaituwa.

A Mali an bi hanya biyu. Salif Keita zabiya ne, an haife shi a 1949, ya taso cikin ƙyama. (Hausa na kiran mai wannan fata zabiya, tana kuma kiran mawaƙiyar biki da fada zabiya. A kan Keita ma'anonin biyu suka kusa haɗuwa.) Ya daɗe yana waƙa kafin ya fuskanci batun gadan-gadan. Ya kafa gidauniya a 2005, kundinsa na 2009 kuma kacokan a kan zabiyoyi ne, waɗanda a wasu ƙasashen ake farauta don tsafi, a ko'ina kuma rana ke jawo musu kansar fata. Da aka kashe wata yarinya zabiya 'yar shekara biyar a garin Fana a 2018, can ya kai wasansa a watan Nuwamban shekarar, a garin da abin ya faru.

Amadou Bagayoko da Mariam Doumbia kuwa a makarantar makafi ta Bamako suka haɗu a shekarun 1970, suka yi aure a 1980. Shi yanar ido ce ta makantar da shi yana saurayi, ita ƙyanda tana 'yar shekara biyar. Yawancin waƙoƙinsu na soyayya ne da zaman duniya. Amma a 2011 a Manchesta sun yi wasa cikin duhu ƙirin, aka kashe kowace fitila, masu ido suka zauna suna jin kiɗa yadda su biyun ke jin sa. Su ne kuma suka rera waƙa a bikin rufe gasar wasannin masu naƙasa a Faransa a Satumban 2024, wata bakwai kafin rasuwar Amadou a Afrilun 2025.

## Inda aka bi takarda har aka sa hannu

Misalin da ya fi fitowa fili na mawaƙin da ya sauya doka shi ne na Stevie Wonder, makahon mawaƙin Amurka. Matsalar ta littafi ce. Dokokin haƙƙin mallaka a ƙasashe da yawa sun hana a juya littafi zuwa rubutun makafi ko sauti ba da izinin mai shi ba, sun kuma hana a tsallaka iyaka da wanda aka riga aka juya. Ƙungiyar makafi ta duniya ta ƙiyasta cewa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na littattafan da ake bugawa ne makaho ke iya samu. Ƙungiyoyin makafi suka yi shekaru suna tattaunawa da gwamnatoci da kamfanonin ɗab'i. Wonder, wanda aka naɗa jakadan zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2009, ya je Janeba a 2010 ya yi wa wakilan ƙasashe jawabi, ya kuma yi alkawarin zai yi musu wasa in sun cimma matsaya. A Yunin 2013 aka ƙulla yarjejeniyar a Marakesh ta Maroko, ya je ya cika alkawari. Najeriya ta amince da ita a 2017, sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta buɗe ƙofar juya littafi domin makafi. Aikin rubuta sharuɗɗan na lauyoyi ne da ƙungiyoyi. Nasa aikin shi ne jawo idon duniya kan wani taro da, in ba don shi ba, da ba wanda zai san ana yi.

Irin wannan dabara ta neman abu takamaimai ita mawaƙiya Lachi, makauniya 'yar Amurka da iyayenta 'yan Najeriya ne, ta bi. Ita da mai goge Gaelynn Lea suka kafa ƙungiyar RAMPD ta mawaƙa da ma'aikatan kiɗa masu naƙasa, suka tunkari masu shirya kyautar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka. A bikin 2022 aka ga gangaren hawa dandamali da masu fassara da maganar hannu. Lea, wadda ƙasusuwanta ke da raunin haihuwa har take riƙe gogenta a tsaye a gabanta, ta daina karɓar gayyatar wuraren da mai keke ba zai iya shiga ba.

In aka jera waɗannan misalai, inda aka ga sauyin da za a iya nunawa da yatsa shi ne inda mawaƙin ya tsaya a bayan buƙata guda bayyananniya, kuma akwai ƙungiya a gefensa mai bin takarda bayan an tashi daga wasa.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Saɓani na farko tsakanin mawaƙan ne. Wasu na ganin mafi girman hidimar da za su yi ita ce su ƙware har a manta da naƙasar. Cobhams Asuquo, makaho tun haihuwa, shi ya tsara kiɗan kundin farko na mawaƙiya Asa a 2007, masu zuwa sitidiyonsa kuma kunnensa suke biya. Masu wannan ra'ayi na tsoron in mawaƙi ya yawaita maganar naƙasa, ba za a ƙara gayyatarsa ba sai ranar 3 ga Disamba, ranar masu naƙasa ta duniya. Ɗaya ɓangaren na cewa wanda ya samu makirufo ya yi shiru ya bar dubban da ba su samu ba a inda suke, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowane na da abin kafa hujja, mawaƙa da yawa ma sukan tashi daga wannan su koma wancan, kamar yadda Keita ya yi.

Na biyu a kan taken nan ne da ake yawan ji, "naƙasa ba kasawa ba ce". Ya yi amfani. Uban da ya ga makaho a talabijin ana tafa masa na iya fasa tura ɗansa bara. Amma 'yar gwagwarmaya Stella Young ta Ostireliya, a wani jawabi da ya yi fice a 2014, ta ja hankali kan illar labaran "duk da naƙasarsa ya yi kaza". Ta ce masu lafiya ake yi wa su, don su ji ƙarfin gwiwa. Illar a aikace ita ce labarin na ɗora komai a kan himmar mutum ɗaya, har a koma tambayar sauran me ya hana su, a manta babu makaranta, babu hanya, babu aiki. Ba kowane makaho ne mawaƙi ba, wanda ba shi da murya kuma haƙƙinsa bai ragu ba.

Na uku shi ne bara. Hukumomi da wasu 'yan gwagwarmaya na ganin haramta ta shi ne matakin farko na dawo da mutunci, suna kuma nuni da masu cin abinci da naƙasar wasu. Masu barar na cewa a fara kawo madadi. Da gwamnatin Kaduna ta hana bara a titi a 2015, masu naƙasa sun fito zanga-zanga da wannan hujjar. Mai waƙa a tasha ya faɗo tsakiyar wannan ja-in-ja, tunda babu ma'aunin da jami'in da ke kame zai bambance mai sana'ar murya da mai bara.

Akwai kuma waɗanda gwagwarmayar waƙa kan bari a baya. Makafi da guragu ne suka fi hawa dandamali. Kurame na da harshensu, maganar hannu ta Hausa da ake yi a Kano da kewaye, amma da wuya a ga mai fassara a wurin wasa. Masu taɓin hankali da masu jinkirin fahimta ba su da tauraron da zai yi magana da yawunsu. Mata masu naƙasa kuma ƙalilan ne ke kaiwa sitidiyo.

## Abin da zai taɓa mutane

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida, wajen biliyan 1.3, na da naƙasa mai tasiri. A Najeriya alƙaluma sun yi hannun riga: ƙidayar 2006 ta ba da kimanin miliyan 3, wani ƙiyasi na 2018 ya kai wajen miliyan 29. Ratar ta zo ne daga yadda ake tambaya da kuma yadda iyalai ke ɓoyewa. Ko da wane aka ɗauka, da wuya a samu zuri'ar da abin bai shafa ba.

Ga mai zauren biki ko mai shirya wasa, uzurin wa'adi ya ƙare. Dokar ta sa tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya, naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya, wanda aka zalunta kuma na iya shigar da tasa ƙarar. Gangare a ƙofar shiga bai wadatar ba in babu shi a dandamali. An saba ganin taron da aka shirya domin masu naƙasa, amma da aka kira mawaƙin sai samari huɗu suka kama kekensa suka ɗaga sama, yana riƙe da hannun kujera yana tangaɗi, jama'a na kallo. Gangaren siminti ko na katako da kafinta zai haɗa a yini ɗaya na kawar da wannan, tsoho mai ciwon gwiwa da mai ciki ma su amfana.

Ga mawaƙin, kalmar da aka kira kuɗinsa da ita na da sakamako. In ƙungiya ko ɗan siyasa ya sa shi waƙar faɗakarwa aka ce "ga wannan ka sha ruwa", ba shi da abin riƙewa ranar da waƙar ta cika rediyo. In an rubuta yarjejeniya, aka karanta masa ita a gaban wanda ya amince da shi ko aka tura masa ita ta sauti a waya, yana da haƙƙin mallaka irin na kowane mawaƙi. Wayar hannu ta rage dogaro da ɗan jagora: manhajar da ke karanta rubutu da murya na ba makaho damar tura waƙarsa, karɓar kuɗi ta banki, da duba abin da ya shigo da kansa.

Ga iyaye, dokar ta ba yaro mai naƙasa ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin hukumomin gwamnati ga masu naƙasa. Hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa, wadda aka kafa a 2020, ita ke karɓar koke. Aiwatarwa ta bambanta daga jiha zuwa jiha, don wasu sun yi tasu dokar da hukumarta, wasu har yanzu a takarda take.

Su kuwa makafin tasha, matsayinsu na nan a rataye. Inda aka hana bara ana iya kwashe su tare da kowa. Inda ƙaramar hukuma ko ƙungiyar direbobi ta yi musu rajista a matsayin masu sana'a, ta ware musu wurin zama, yaron da ke riƙe da sanda na iya komawa aji, abin da ake miƙawa kuma ya tashi daga sadaka ya koma kyauta. Dokar 2019 ba ta hana wannan ba, ba ta kuma umarci kowa ya yi shi ba. Ya rage ga jihohi, da Sarakunan Makafi, da ƙungiyoyin mawaƙa su zauna a kai.